Jinin mai ciwon hanta: zuba yake ko daskarewa?

ɗan_Zariya2:
Salamu alaikum manya. Ina shekarar ƙarshe a karatun likita nan Maraɗi, tez ɗina (binciken kammala karatu) kan zubar jini ga masu ciwon hanta ne, amma wallahi kaina ya ɗaure. Wani dattijo INR ɗinshi (awon saurin daskarewar jini, in ya hau jinin na jinkirin daskarewa) ya haura 2, plaket (ƙwayoyin jini masu tsayar da zubar jini) sun yi ƙasa, aka cire mishi ruwan ciki ko ɗigo bai zubar ba, wani kuma analiz ɗinshi da dama dama sai gashi ya cika roba da aman jini. To mi zan auna kenan?

Inna_labo:
Wa alaikumus salam ɗana. Kafin ka zargi hanta fara duba kwalbar, mai shuɗin murfi sai an cika ta har layi, kashi 9 jini kashi 1 sitrat, ruwan da ke hana jinin daskarewa a kwalba. Sau nawa ake kawo min rabi, ko ta yini a aljihun ɗan rakiya cikin zafin watan Afrilu, ga wuta ta tafi firij ya huce, sannan a ce in ba da sakamako.

Dakta_M:
Ƙanena INR ɗin ne ke yaudararka, don masu shan warfarin, maganin tsinka jini, aka ƙirƙiro shi ba don masu hanta ba. Hanta ita ke yin sinadaran daskarar da jini, ita kuma ke yin masu hana shi daskarewa irin su furotin C da antitrombin, in ta lalace duka biyun ke raguwa tare, shi kuwa INR gefe ɗaya kawai yake gani, na masu daskarar da jini. Tun 2005 masu bincike su Tripodi a Milan ta Italiya suka nuna haka. Shi ya sa za ka ga mai INR da ya hau sama amma ga gudan jini toshe a babbar jijiyar hanta. Mai aman jinin nan kuwa jijiyoyin maƙoshi ne suka kumbura suka fashe don matsin jini a babbar jijiyar hanta, ka yi ta ɗura mishi plasma (ruwan jini) ma ƙara matsin kake.

Abin da ke ba ni haushi, manyan gwaje-gwajen sababbin magungunan tsinka jini ba su ɗauki masu ciwon hanta mai tsanani ba, kuma yawancin binciken na Turai ne inda giya ta fi kawo cutar, mu nan hepatit B ce.

ɗan_Zariya2:
Na gode Dakta, na gode Inna. To zan bar INR a gefe in bi waɗanda aka yi wa kyamarar ciki, matsalar dai da yawa da sun ji sauƙi sai ƙauye, lambar da suka bari kuma ta maƙwabci ce.