Taƙaitawa: kwana a masauki mai araha a garin masu haƙar zinari

Jama'a ga abin da na tattaro daga shawarwarin da anka bayar ga masu tashi daga Sakkwato zuwa wajen Anka da Bagega, garuruwan masu haƙar zinari a jihar Zamfara.

1. Kowa ya yarda a yi sammako, a bi ta Talata Mafara a isa da rana tsaka, hanyar nan ba a yi mata dare saboda 'yan bindiga.

2. Kar ka biya sai ka ga ɗakin da idonka. Gwada sakata, ɗaga katifa ka duba bakin ɗinki ko da kuɗin cizo, ka tambayi ƙarfe nawa ake kashe janareto don kar ka kwana waya ba caji.

3. Maganar ƙura ita anka fi daɗewa a kai, kuma wallahi ni ma ita ta fi damuna. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a Zamfara saboda niƙan dutsen zinari cikin gidaje, don haka masaukin da ke maƙwabtaka da injin niƙa a bar shi ko kyauta ne, takalmi a aje waje, a wanke hannu kafin cin abinci, ruwan sha kuma na leda ko na gora. Yara dai kar a je da su.

4. Inda anka rabu: wasu sun ce a kwana Mafara ko Gusau a shiga da safe, wasu sunka ce kuɗin mota zai cinye arahar.

5. Kuɗi ma haka, masu tiransifa da masu cewa a riƙe tsaba kaɗan don sabis na ɗaukewa.

6. Kar ka gaya ma kowa a masaukin abin da ka zo saye.