Dubu 480 a hannuna: in tafi Abuja koyon MMA ko in sayi kwamfuta?

Ɗan Mabera: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, kuma don Allah wanda ya taɓa yi da jikinsa ya ba ni, ba wanda ya gani a waya ba. Shekarata 24, ina gyaran waya a wani shago kusa da babbar kasuwar Sakkwato. Shekara biyu ina tari, yanzu kuɗin sun kai dubu 480. Asali don kwamfuta na tara su, domin ina haɗa kiɗa da manhajar FL Studio a wata tsohuwar laftof da in na ɗora mata sauti goma sai ta kama tari. Kiɗan hawus da tekno nake yi, wanda Inna ke cewa injin markaɗe ne ya lalace. To amma tun 2019 da Kamaru Usman ya karɓe kambun gasar UFC daga hannun Tyron Woodley, MMA, wato faɗan da ake haɗa naushi da shuri da kokawa a cikin keji, ta shiga raina. Ina gudu da asuba a filin Giginya, ina dukan buhun yashi a bayan gida, nauyina kilo 72. Abokina da ke Abuja ya ce akwai wurin horo kusa da shi, zai ba ni makwanci wata uku. In kuɗin ba su isa ba zan sayar da littattafan zanena na manya in cika. Tambaya uku ce: nawa ake biya a wata, shekara 24 ta yi latti, kuma ta ina zan ɓullo wa Baba? Ba dambe nake tambaya ba, na san hanyar gidan dambe.

Sarkin Yaƙin Arkilla: Ka shiga dambe mana. Mi za ka biɗa Abuja?

Kabu-kabu Ba Birki: Tsaya tukuna. Littattafan "na manya" kuma? Ɗan Mabera, ashe haka kake? A bar maganar Baba, wannan ta Hisba ce 😂

Ɗan Mabera: Kai Allah ya shirye ka. Labarai ne da zane, na yaƙi da siyasa da ta'asar 'yan daba, irin waɗanda ba a rubuta don yara ba. Wasu na Japan ne, daga dama ake buɗe su kamar littafin ajami.

Abban Yusra: Na zauna Abuja shekara huɗu. Inda na yi horo dubu 25 ne a wata, sau uku a mako. Safar hannu na saya dubu 18.

Injiniya Gawon Nama: Yaya Abban Yusra, dubu 25 a wace shekara? Wancan wurin ɗaga ƙarfe ne da aka rataya wa buhu ɗaya. Wurin da ke da tabarmar kokawa ta gaske da malamin jujitsu, wato kokawar shaƙa da murɗe gaɓa, ni dubu 70 aka ce mini bara, ban da kayan jujitsun. Kuma safar dubu 18 wata biyu za ta yi ta fara zubar da soso. Tawa dubu 45.

Abban Yusra: An dai ga fuskarka an yanka maka farashin 'yan Maitama.

Bahagon Runji: Ƙanena, kac ce wanda yay yi da jikinai. Tau ga ni. Ban yi wagga ta cikin keji ba, amma na sa zare shekara tara, kuma dunƙule duk dunƙule na, ko da safa ko da zare.

Mu mahauta ne, gado muka yi. Tun ina yaro waƙar Ɗan Anace nike ji, Shago da Ɗandunawa, har ina ganin duniya ba ta da wani aiki sai a ji kalangu a hito a yi kirari. Na yi damben kaka ƙauyukka, na ci buhun gero, na ci rago, sau guda na ci mashin. Rannan wani mutum yaz zaka da babbar mota, yac ce yana haɗa wasa kudu, za a ɗauka a sa ga intanet, Turawa na kallo. Yac ce dubu 150 ko an kashe ni ko na kashe, abinci da makwanci nasu ne, in an ji ciwo asibiti nasu ne. Ba takarda, ba shaida, hannu kawai munka yi. Ni da yara ukku munka bi shi.

Turmin farko ba kisa. Turmi na biyu na ga hannun yaron ya taso, daga nan ban ƙara sanin komi ba sai cikin mota. Muƙamuƙi ya karye wuri biyu. Anka ɗaure min baki da waya, sati shida kunu nike sha da tsinken roba, ko salati sai cikin zucci. Mutumen nan ya zo asibiti sau guda, ya aje dubu 20 bisa gado, yac ce bari ya ciro saura. Yau shekara shida kenan yana cirowa. Lambar tai ta daina shiga tun ran nan. Mashin ɗin da nic ci shi anka saida anka biya asibiti, matata ta saida gadonta anka yi muna kuɗɗin mota. Bidiyon kuwa yana nan, yarana sun nuna min, mutane dubbai sun kalli yadda nif faɗi, har da masu sa dariya ƙasa.

Har yau in hunturu ya shigo ba ni tauna nama. Mahauci, ɗan mahauci, ina saida tsire ba ni iya cin shi. Kuma akwai abin da ban hwaɗa ma kowa ba sai yanzu: sai in aje wuƙa in juya in manta inda na aje ta. Likita yac ce duka ne ya taru ga kai, ba na ran nan kaɗai ba.

Kai kana lissahin kuɗɗin shiga. Ba ka lissafa na hita ba.

Uwar Hanan: Innalillahi. Allah ya saka maka Baba Bahago, ya ba ka lafiya. Ɗan Mabera ƙanena, ka karanta wannan sau biyu. Mu mata mu ke zaman jinya, ku kuna kwance ana muku fifita.

Sarkin Yaƙin Arkilla: Bahago, Allah shi isam ma. Amma wane gida ne? Hwaɗi sunan mutumen mu san shi.

Bahagon Runji: Na bar shi da Allah. In na hwaɗi suna gobe a ce in kawo takarda, ni kuwa ba ni da ita.

Injiniya Gawon Nama: Da girmamawa Baba, labarinka ya taɓa ni, amma ba abin da yaron ya tambaya ba ne. A MMA akwai ajin nauyi, mai kilo 70 ba ya haɗuwa da mai kilo 90. Akwai robar haƙori, akwai likita a gefe, alƙali na tsayar da wasa in mutum ya daina kare kansa, kuma kana iya buga hannu ka sallama ba wanda zai ce ka ji kunya. Zagaye uku ne na minti biyar-biyar, na kambu biyar. Ba a tsaga hannu a zuba magani.

Bahagon Runji: Injiniya, sau nawa anka buge ka?

Injiniya Gawon Nama: Na yi horo wata biyar.

Bahagon Runji: Ba shi nit tambaya ba.

Kabu-kabu Ba Birki: Kisa a turmin farko! A kawo wa Injiniya ruwa 😂😂

Injiniya Gawon Nama: Ku yi dariyarku. In sai wanda aka karya ne zai yi magana, to likitan ƙashi ma ya yi shiru. Maganar latti kuwa, Francis Ngannou yashi yake haƙa a Kamaru, ya ratsa ta Nijeriya da Nijar da Aljeriya har Maroko, ya kwana a titin Faris, bai yi wasansa na farko ba sai 2013 yana da shekara 27. A 2021 ya buge Stipe Miocic ya zama zakaran masu nauyi. Alex Pereira na Brazil, wanda shi ma ya ci kambun UFC, a shagon taya yake aiki, ya haura ashirin kafin ya fara.

Malam Na-Kanwuri: Mutum biyu ka lissafa, Injiniya. Waɗanda suka bi hanyar Agadas tare da Ngannou ba su iso ba, wa ya san sunansu? Ni dai abin da zan tuna wa ɗana Ɗan Mabera shi ne hadisin da ke cikin Buhari da Muslim, cewa idan ɗayanku zai yi duka ya nisanci fuska. Kokawa kuwa ba ta da wannan matsala, Annabi (SAW) ya yi kokawa da Rukana ya kayar da shi. In ka je wa mahaifinka da maganar kokawa da motsa jiki daban, in ka je masa da maganar keji da jini daban.

Abban Yusra: To Malam, Khabib Nurmagomedov, ɗan MMA na Rasha, fa? Musulmi ne mai riƙo, wasa 29 ba a taɓa cin sa ba.

Malam Na-Kanwuri: Khabib ba hujja ba ne a fiƙihu, Abban Yusra. Kuma shi ma da mahaifiyarsa ta ce ya bari bayan rasuwar mahaifinsa a 2020, bari ya yi.

Ɗan Kokawar Illela: Malam ya taɓo inda nike so. Ku duba da kyau, shi Khabib ɗin da mi yake cin mutane? Kayarwa. Ubanai ya koya mai kokawa tun yana ƙarami can Dagestan. Kamaru da kake so, kokawa yay yi makaranta Amurka, har ya ci gasar jami'o'i ta ƙasa a rukuni na biyu a 2010, kahin ya san wani keji. Kai kana zaune Sakkwato, ga Konni nan ƙetaren iyaka cikin Nijar, ƙasar da ake ba zakaran kokawa takobi duk shekara, inda Issaka Issaka na Dosso ya ɗauke shi sau da yawa, amma za ka kai ma ɗan Abuja dubu 70 ya koya maka kama ƙafa. Taho nan bayan girbi, yaran ƙauye su yi ta maka ka da ƙasa wata ukku kyauta. In ka tashi kana son abin har yanzu, sannan ka tahi.

Injiniya Gawon Nama: Kokawar gargajiya da an taɓa ƙasa an gama. A MMA a ƙasan ake fara aiki. Ba ɗaya ba ne.

Ɗan Kokawar Illela: Ai sai ka kai mutum ƙasan tukuna.

DJ Kwannawa: Kowa ya manta da kwamfuta. Aboki, dubu 300 za ta ba ka Core i5 ta hannu mai RAM 16, ka ƙara ƙaramin fiyano na MIDI, wanda ake jona wa kwamfuta, da abin kunne mai kyau. FL Studio sau ɗaya ake saye, sabuntawa kyauta ce har abada. Kuma daina jin kunyar kiɗan inji, Mamman Sani na Yamai tun 1978 ya naɗi kiɗan ogan ɗinsa, yanzu Turawa ke neman faifan. Ka iya log drum, gangar nan ta kiɗan amapiano, kawai, masu biki za su neme ka. Kwamfuta ba ta karya muƙamuƙi.

Abban Yusra: Dubu 300 RAM 16? Ko mai mataccen batir. Makon jiya na tambaya, 420 aka ce.

DJ Kwannawa: A Sakkwato ka tambaya. Aika Kano.

Uwar Hanan: Ƙanena, littattafan nan guda nawa ne? Ɗiyata ta fari tana son zane, in akwai wanda babu jini sosai zan saya.

Kabu-kabu Ba Birki: Ni duk wanda ya ambaci Kamaru sai cikina ya yi ciwo. Agustan 2022, wasansa da Leon Edwards. Mu goma sha huɗu muka haɗa kuɗi muka ba wani mai gidan kallo a unguwarmu, ya buɗe ƙarfe uku na dare, muka biya har da kuɗin mai na janareta. Kamaru na ta murƙushe mutumin nan, an shiga zagaye na biyar, saura kamar minti biyu, janareta ya yi tari ya mutu. Mai gida ya ce mai ya ƙare. Muka ce ba komai, ai an gama, muka wuce masallaci muna murna. Har shayi na saya wa mutane. Sai da rana ta fito wani yaro ya nuna mini a waya: saura daƙiƙa 56 Edwards ya sa masa ƙafa a kai.

Sarkin Yaƙin Arkilla: 😂😂 Kai ne ashe mai shayin! Wallahi an ba mu labari.

Kabu-kabu Ba Birki: Ba shayin ke ƙona mini rai ba. Lita nawa muka biya, lita nawa ya zuba? Har yau in na wuce sai ya sunkuyar da kai.

Abban Yusra: Haka suke duk. In ƙwallon Ingila ne ko ruwa ake da ƙanƙara za su buɗe, amma ka ce UFC sai a ce maka wa zai tashi tsakar dare saboda mutum shida. Namu dubu ɗaya yake karɓa a kai, kuma sai an cika goma.

DJ Kwannawa: Dubu ɗaya? Mu ɗari biyar. Amma rabin wasan hoton tsayawa yake.

Injiniya Gawon Nama: Ni na koma waya, sai ga kuɗin data ya tashi a 2025. Dare ɗaya sai ya lashe abin da nake yin mako da shi, kuma daidai babban wasa sabis ke guduwa.

Malam Na-Kanwuri: Daidai babban wasan ne kuma ake kiran assalatu. Ko ba ku lura ba?

Ɗan Mabera: Na gode ƙwarai, musamman Baba Bahago, zan zo wurin tsirenka mu yi magana. Amma har yanzu ba wanda ya ce mini dubu 25 ne ko 70, kuma maganar Baba tana nan. Anti Uwar Hanan guda 23 ne, zan duba miki.

Kabu-kabu Ba Birki: Bar wannan tukuna. Ku da ke Gawon Nama da Arkilla, in muka haɗu mu ashirin muka sayi man da kanmu muka zuba da hannunmu, wa ya san mai gidan kallon da zai yarda ya ba mu makulli?

Sarkin Yaƙin Arkilla: Akwai wani, amma talabijin ɗin nasa rabin allon kore ne.