Naman reno da kwatancen lissafi: ku taya ni tsayar da kalma

Jama'a, ina neman taimako. Ina haɗa wa wani gidan rediyo a nan Jos shirin kimiyya, kalma biyu sun tsaya mini a wuya. Ta farko, sunan naman nan da ake samarwa ba tare da an kai dabba mayanka ba. Ta biyu, abin da Turawa ke kira modelin, wato rubuta halin abu a lissafi don kwamfuta ta nuna yadda zai kasance tun kafin a yi shi.

Naman tukuna. Ana ɗebo ƙwayoyin halitta kaɗan daga jikin saniya ko kaza, a zuba su cikin tanki mai ruwan sukari da gishiri da sinadaran gina jiki, a riƙe ɗuminsa a wajen digiri 37, su yi ta rabuwa suna ninkuwa. A 2013 Mark Post na Jami'ar Maastricht ya kai irinsa Landan, aka soya aka ci a gaban 'yan jarida. Singafo ce ta fara yarda a sayar a Disamban 2020, Amurka ta biyo baya a Yunin 2023, Italiya kuwa a shekarar ta haramta shi.

Na ji ana cewa "naman roba". Ban yarda ba, tsokar dabba ce. "Naman tsiro" zai sa a ɗauka na waken soya ne, kuma a rediyo kunne zai ji tsire. Ni na fi son "naman reno". Me mai reno take yi? Ta ciyar, ta kula da ɗumi, ta kwashe ƙazanta. Aikin ke nan ake yi wa ƙwayoyin, kamar yadda ake renon su a cibiyar binciken dabbobi ta Vom don haɗa allurar rigakafi.

Modelin ne ya fi ba ni wuya. Ran bikin ƙanwata na tsaya kusa da Inna tana tuƙa tuwo a babbar tukunya. Ita da take yin na mutum shida a gida ko gudaji ɗaya babu, ranar sai da mata biyu suka riƙa karɓar muciya, duk da haka ƙasa ya so kamawa, sama bai gama nuna ba. Babbar tukunya halinta daban.

Haka tankin yake. Ƙwayar da ke ninkuwa kullum, a takarda kwana 30 ya isa ta haura biliyan ɗaya. A tanki abin ba ya tafiya haka. Iskar shaƙa ba ta ratsa tsoka fiye da kaurin 'yan silin gashi, don haka dole a riƙa motsawa. A motsa da ƙarfi, ƙwayoyin su fashe, don ba su da bango mai tauri irin na yis. A sassauta, na can lungu su shaƙe. Ga amoniya da sauran ƙazantar da suke fitarwa suna taruwa har girman ya tsaya. Tankin lita dubbai kuma ba abin da za ka cika ka zubar don gwaji ba ne. Sai a rubuta duk wannan a lissafi, kwamfuta ta nuna inda iska za ta yi ƙaranci da gudun da ya kamata a juya, tun kafin a ƙera tankin.

Wani dattijo, tsohon malamin makaranta, ya ce in sa "kirdado". Allah ya ƙara girma, Baba, amma kirdado da ido ake yin sa, wannan kuwa sai an auna a ƙaramin tanki, a gyara lissafin, a sake aunawa. Wata 'yar'uwa ta kawo "kwaikwayo". Yaya, ma'anar ta yi kusa, sai dai mai sauraro zai tafi wajen wasa.

Na tsaya a kan "kwatancen lissafi". In ka yi wa baƙo kwatancen Terminus daga Bukur, ba ka kai shi ba, amma zai isa, in kuma ya ɓata ka san inda kwatancenka ya gaza. Jimlar da zan karanta ke nan: "Masana na amfani da kwatancen lissafi don sanin yadda naman reno zai girma a manyan tankuna." Wanda ta yi wa nauyi a kunne ya faɗa mini kafin Alhamis, ranar za mu naɗi shirin.