Buhun injin zuƙar ƙura ya kwana yana ci a shagona, wa ya taɓa ganin haka?

Mai shagon kujeru, Kano:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena a sana'a. Wata huɗu ke nan da na haɗa injin zuƙar ƙura a shagona da ke wajen Na'ibawa. Na hannu na saya, mai ƙarfin doki 2, buhu ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, na jona shi da injin fere katako da na yanka. Gaskiya na ji daɗinsa, don shagon ya daina cika da garin katako.

Ranar Talata da safe ina buɗe ƙofa sai na ji ƙauri. Na duba waya lafiya, na duba soket lafiya. Da na taɓa buhun ƙasa sai na ji ɗumi, ga wani baƙin tabo kamar faɗin tafin hannu a gefensa. Garin da ke ciki yana ci a hankali, kamar garwashin da aka binne a toka, babu harshen wuta ko kaɗan. Ƙarfe shida muka tashi ranar Litinin, injin a kashe. Ke nan kwana ya yi yana ci. Maƙwabcina na jikin bango soso da yadin kujera yake sayarwa, har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi. Duk wanda ya taɓa aiki da wannan inji, don Allah ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa.

Dattijon kafinta, Kaduna:
Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya ƙara tsarewa. Kafin komai tambaya ɗaya: yaranka suna share ƙasa su tura sharar a bakin tiyo?

Mai shagon kujeru, Kano:
Wallahi Baba kullum da yamma haka suke yi. Ni ma na ga ya fi sauri, ban hana ba.

Dattijon kafinta, Kaduna:
To ga mai laifin nan. Irin injinka, duk abin da ya zuƙa sai ya bi ta cikin fankar kafin ya faɗa buhu, kuma fankar ta ƙarfe ce, tana juyi kusan sau 3,000 a minti ɗaya. Ƙusa ɗaya ko ɗan sukuru ya shiga, sai ya daki fankar ya ba da tartsatsi, ya faɗa cikin busasshen gari da zafinsa, wani garin ya rufe shi. Ba ya tashi nan take. Sai kun tafi gida kun yi barci.

Ni ma na sha wannan shekarun baya, lokacin da muka karɓi aikin tsofaffin katakan rufi. Mun cire ƙusoshin da muka gani, amma akwai karyayyu a ciki. Na ji ƙarar "ƙyas" a injin da la'asar, ban ɗauke ta komai ba. Mai gadi ne ya buga mini ƙofa kafin asuba. Mun rasa injin, da rabin rufin kwano, da gadaje biyu na kayan ɗakin amarya da saura kwana tara a kai su. Kuɗin da na biya bai dame ni ba kamar tsayuwar da na yi gaban uwar yarinyar nan.

Tun ranar ban ƙara barin gari ya kwana a buhu ba. Kafin magariba a juye, a kai waje nesa da bango. Shara kuma da tsintsiya da abin kwasa ake yi. Tsohon katako sai an bi shi da mayen ƙarfe kafin ya hau inji. In kuma ka ji ƙarar ƙarfe a fanka, kashe a take, ka sauke buhun ka duba, kada ka ce sai an tashi.

Mai gyaran injuna, Jos:
Baba ya gama maganar wuta, ni ta yatsa zan yi, don a gabana aka yi. An kira ni wani shago gyaran injin yanka. Ana cikin aiki aka ɗauke wuta, wani yaro ya ce bari ya yi amfani da damar ya ciro guntun katakon da ya toshe bakin fankar. Ya cire tiyo ya zura hannu. Makunnin yana a kunne tun ɗazu, babu wanda ya tuna. Aka kawo wuta. Yatsu biyu ya rasa, yaron da ko shekara ashirin bai cika ba. Ni na naɗe hannun da rigata muka tare Keke.

A wajenmu da wuta take zuwa ta tafi ba sallama, kashe makunni bai wadatar ba, a zare filogi daga bango, kuma mai zura hannun shi zai zare da kansa ya ajiye inda yake gani. Sannan a jira fankar ta tsaya cak, don tana daɗewa tana juyi bayan an kashe. Akwai makunni mai maganaɗisu wanda in wuta ta ɗauke yake sakin kansa, ko an kawo ba zai tashi ba sai an danna. Masu kayan wutar injuna suna da shi, ku sa a kowane inji.

Wani abu da mutane ke fahimta a baibai: suna zaton in bututu ya toshe ne moton da ke juya fankar ke wahala. Irin wannan fanka, iskar da take ja ita ce nauyinta. In ka kunna ta baki a buɗe, ba tiyo ba buhu, lokacin ne take jan wuta fiye da ƙima har koyil ya ƙone. Na naɗa moto da yawa saboda masu cewa "gwadawa kawai muka yi". Haka ƙaramin janareta, in ka ji injin yana gurnani ya kasa ɗaukar gudu, kashe shi, zafi yake tarawa.

Kafinta daga Maraɗi:
Ni ba wuta ba rauni, ƙirjina ne ya biya. Da na sa injin sai na ajiye takunkumi, na ce ai ƙura ta ƙare. Ƙasa fes, teburi fes. Amma da dare tari, da asuba numfashi yana fito, musamman ranar da muka taɓa loko ko obeche. Likita ya ce asma ce, ya tambayi sana'ata, da na faɗa sai ya gyaɗa kai.

Abin da ya buɗe mini ido, wata safiya rana ta shigo ta taga ta haska buhun sama daidai lokacin da aka kunna. Sai na ga ƙura tana fita ta jikin yadin kamar hayaƙi. Ashe injin manyan ƙwayoyin ƙurar ya kama, ƙananan kuma ya watsa mana su daidai hanci. Na fitar da shi waje ƙarƙashin rumfa, na huda bango na wuce da bututu, na koma sa takunkumi lokacin goge da samfefa da lokacin juye buhu. Juye buhun nan ma shi ya fi komai ƙura, kuma ƙaramin yaron shago ake turawa. Ku ba shi takunkumi mai kyau, ba ƙyalle ba.

Malamin koyar da aikin katako:
Malam na Maraɗi, abin da ka gani daidai ne. Buhunan yadi da ke zuwa da injuna masu araha, da yawansu ƙurar da girmanta ya kai maikiron 30 suke tarewa (maikiron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita), alhali wadda ke shiga can cikin huhu ba ta kai maikiron 10 ba, ido ma ba ya ganinta. Matacin da ke kama har maikiron 1 shi ake so in injin zai zauna a cikin ɗaki. Tun 1995 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo daji, musamman na cikin hanci. A Ingila doka ta ce ƙurar katako mai tauri kada ta wuce miligiram 3 a kowace kubik mita ta iska a tsawon aikin awa 8. Wannan ɗan mitsitsi ne ƙwarai, shagon da kake iya rubuta sunanka da yatsa a kan shiryayye bayan an tashi ya kamata ya dame ka.

A ɗakin koyarwarmu matsalar da muka fi sha ita ce toshewa. Mun ja bututu mai tsawo da kwana-kwana da yawa, kuma ɗalibai suna barin duk bakunan a buɗe. Iska tana buƙatar gudun kusan mita 20 a daƙiƙa kafin ta ɗauke gari, in ta gaza sai ya kwanta a cikin bututu. Da muka kwance wani sashe, ya cika har rabi. Muka gajarta layin, muka sa marfi a kowane reshe, wanda ake aiki da shi kaɗai ake buɗewa.

Matashin kafinta, Zariya:
Malam, ni bututun roba na ruwa na yi amfani da shi. Lokacin hunturu in na taɓa sai ya ja ni kamar wutar lantarki, har gashin hannu yana miƙewa. Wani ya ce mini wata rana sai ya fashe da ni kamar bam. Gaskiya ne ko tsoratarwa?

Malamin koyar da aikin katako:
Jan da kake ji gaskiya ne, gogayyar gari da roba ce a busasshiyar iska. Ƙura kuma tana fashewa, ba tatsuniya ba ce. A 2012 masana'antun yanka katako biyu suka fashe a yammacin Kanada cikin wata uku, kowacce mutum biyu suka rasu. A 2015 wata masana'antar niƙa garin katako a Bosley ta Ingila ta fashe, mutum huɗu suka rasu. Amma waɗannan manyan wurare ne da ƙura ta taru da yawa. A ƙaramin shago irin naka, ni na fi jin tsoron jan ya firgita ka hannunka yana kusa da zarto. Ka haɗa jikin injin da wayar ƙasa, in tiyonka mai waya ne a ciki ka fito da bakinta ka ɗaure a jikin ƙarfen injin, in ka samu hali ka koma bututun kwano. Kuma ka riƙa sauke ƙurar da ke kan katakan rufi da fitilu, ita ce ke tashi ta ba wuta abinci.

Dattijon kafinta, Kaduna:
Malam ya tuna mini. Wanda ya samu buhu yana ci kada ya kakkaɓe shi ko ya watsa masa ruwa da ƙarfi. Ƙurar in ta tashi sama wuf take kamawa. A zare wuta, a yayyafa ruwa a hankali har ya jiƙe. In ta riga ta yi harshe, a fita a kira 'yan kwana-kwana.

Mai kiwon kaji, Katsina:
Ku yi haƙuri iyayen gida, ni ba kafinta ba ce, mai sayen garinku ce ina shimfiɗa wa kaji. Sau ɗaya aka kawo mini buhu shida, ɗaya da ɗumi. Na zata rana ce ta buge shi. Allah ya sa ban shigar ɗakin kaji ba, da na zazzage a tsakar gida tsakiyarsa baƙi ƙirin. Roƙona biyu: ku duba kafin ku ɗaure baki, kuma ku ware garin MDF, wato allon da ake yi da niƙaƙƙen katako a matse, daban. Akwai gam da sinadari a ciki, ga laushi kamar fulawa, ranar da na shimfiɗa shi 'yan tsakina suka wuni suna atishawa. Matan da ke sayensa don murhu ma ba su san bambancin ba.

Mai walda da ƙere-ƙere, Kano:
Ni na ƙera wa shaguna uku duro mai mazurari a kai, ana sa shi tsakanin injin aiki da fanka. Iska tana shiga ta gefe ta yi juyi, gari da ƙusa su faɗa duro, iskar kaɗai ta wuce. Ƙarfe ba ya kaiwa ga fanka, buhu kuma ya daɗe bai cika ba. Sharaɗin marfin ya rufu ruf, in yana shan iska ko kaɗan garin wucewa zai yi.

Kuskure ɗaya na gani a ɗaya daga cikinsu: sun kawo bakin tiyo kusa da dutsen wasa ƙarfe don ya kwashe ƙurar wasa kurfi. Tartsatsi kai tsaye cikin duron gari! Na ce su raba su tun kafin na karɓi kuɗina. Haka wajen feshin fenti da tina, kada tiyon ya kusance shi.

Mai shagon kujeru, Kano:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya na zazzage tokar buhun a kan kwano na bi ta da mayen ƙarfen da Baba ya ambata, na samu ƙusoshi uku da kan sukuru ɗaya, fankar kuma duk ta yi tabon duka. Na hana shara ta tiyo, na saya wa yara takunkumi, makunnin da Oga na Jos ya faɗa kuma an ce gobe za a kawo mini. Na je na faɗa wa maƙwabcina mai soso abin da ya faru, ya yi shiru ya ce zai janye kayansa daga jikin bangon.

Oga mai walda, bakin fankata inci 4 ne. Duro mai lita 200 zai yi, ko ya yi wa injin doki 2 girma? In zai yi, ranar Asabar bayan azahar ina shago, ka zo ka auna.