Yaya ake gane zanen tsarin aiki ya yi ko bai yi ba?

Sabon_Shiga:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah shawara nake nema. An ba ni aikin zana yadda odar kwastoma take tafiya a kamfaninmu tun daga shigowarta har a kai kaya a biya kuɗi, na yi shi da BPMN, wato salon zanen tsarin aiki da akwatuna da kibiyoyi, sati biyu ina kansa. Na kai wa oga sai ya ce wai abin ya yi yawa bai gane komai ba, alhali ni a ganina ban bar komai a baya ba. Alamomin ciki, da akwatuna da mararraba da sauransu, sun haura 70. Shin akwai ma'aunin da ake auna irin wannan zanen da shi ne, ko kowa da idonsa?

Mai_Lissafi:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Akwai kam. Ka nemi 7PMG, ƙa'idoji bakwai ne da Jan Mendling da Hajo Reijers da Wil van der Aalst suka fitar a 2010. Ta bakwai ita ce ta kama ka, in alamomi sun wuce 50 a raba zanen gida-gida, don yawan alamomi shi ke jawo yawan kuskure. Sun kuma ce mafari ɗaya ƙarshe ɗaya, a rage kibiyoyin da ke shiga da fita a kowace alama, sannan a guji mararrabar OR, wato wadda za a iya bin hanya ɗaya ko fiye daga cikinta.

Dalilin gudun OR ɗin lissafin Jorge Cardoso zai nuna maka, wanda ake ce wa CFC, ma'aunin sarƙaƙiyar hanyoyin zane. Mararrabar XOR mai hanya uku maki 3 ce tunda hanya ɗaya kawai za a bi, AND maki 1 ce ko hanya nawa ne tunda duka za a bi, amma OR mai hanya uku 7 ce, in huɗu ce 15, saboda mai karatu sai ya riƙe duk haɗin da zai yiwu a kansa. Ka tara makin duk inda hanya ta rabu, gwargwadon yawansa gwargwadon wahalar karatu.

Yar_Odita:
Malam Mai_Lissafi ya yi bayani, amma ni wallahi ban cika sakin jiki da lambobin nan ba, na sha ganin zane mai alama 20 tsaf-tsaf amma ba haka ake aikin ba ko kusa. Tun 1994 Lindland da Sindre da Sølvberg suka raba ingancin gida uku: ya bi dokar harshen zanen, ya faɗi gaskiyar abin da ake yi, sannan mai karatu ya fahimta. Manhaja za ta duba maka na farkon, sauran biyun sai da mutum.

Abin da nake yi shi ne in buga zanen in miƙa wa wanda yake aikin da hannunsa, ba oga ba, in yi shiru ba zan yi masa bayanin komai ba, sai in yi masa tambaya biyar ko shida, misali za a iya fitar da kaya kafin a tabbatar da biya? In kaya sun ƙare a sito odar ina take zuwa? Sai in rubuta nawa ya ci da minti nawa ya ɗauka. Inda yatsansa ya tsaya yana lalube, nan gyaran yake.

Dan_Petri:
Ƙarin bayani kaɗan. Ka ɗauka akwai ƙwallo ɗaya da ke bin kibiyoyin daga mafari. In ka buɗe hanya da XOR ka rufe ta da AND aikin zai maƙale har abada, don AND jiran duka hanyoyin take yi, ƙwallo kuma ɗaya ce ta shigo. Da abin da ka buɗe da shi za ka rufe. Sannan sunayen akwatuna su fara da aiki, "tura rasit", ba "rasit" kawai ba.

Sabon_Shiga:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Yanzu na duba, OR huɗu gare ni, kuma wancan kuskuren na XOR da AND yana nan a wajen mayar da kaya, sam ban lura ba. Zan cire ɓangaren biya da na mayar da kaya kowanne ya zama zanensa daban. Hajiya, gwajin nan naki mutum nawa kike ba wa kafin ki yarda ya yi?

Yar_Odita:
Aƙalla mutum ɗaya daga kowane sashen da ya fito a zanen, ka haɗa da sabon ma'aikaci guda, don tsofaffin da ka suke amsawa ko ba su kalli takardar ba.