Ulfric: ɗan amshin shata ko mai neman 'yanci?

Sani Jidda: Salamu alaikum 'yan Skyrim. Wallahi na gaji da yadda kuke zuzuta Stormcloak, mayaƙan Ulfric da ke neman ɓalle ƙasar Skyrim daga Daula a wasan bidiyon nan. Ku zo mu ƙirga. Jihohi 9 ne. Daula na da Solitude, Markarth, Morthal da Falkreath. Ulfric na da Windhelm, Riften, Dawnstar da Winterhold. Whiterun na tsakiya, kuma in tura ta kai bango Daula sarkinta Balgruuf yake bi. Huɗu-huɗu ne a baki, amma ku ɗora a sikeli: babbar tashar jiragen ruwa tana Solitude, azurfar ramin haƙa na Cidhna tana Markarth, Winterhold kuwa teku ta cinye ta, sai 'yan gidaje. Da me zai ciyar da runduna? Mutumin nan ɗan amshin shatan Thalmor ne kawai, masu mulkin Dominion, ƙasar da ta yaƙi Daula.

Baffa Misfala: Wa alaikumus salam. Ɗan amshin shata? Sani ƙanena, janye kalmar nan. Ɗan amshi shi ne wanda ake rera masa yana karɓa. Wa ya sa hannu a yarjejeniyar White-Gold a shekara ta 175, ya yarda a hana bautar Talos, abin bautar mutanen Skyrim, ya bar jami'an Thalmor suna jan mutane a ɗaure a kan titi? Ga 'yan amshi nan a Solitude.

Sani Jidda: Baffa, da girmanka, akwai takarda. Ranar da Delphine, mai ba ka aiki a wasan, ta tura ka walimar ofishin jakadancin Thalmor, bayan ɗan leƙen asirinta Malborn ya shigar maka da kayanka, ka buɗe akwatin da ke ofishin Elenwen, jakadiyarsu. Bayanan Ulfric suna ciki. Sun kama shi a Babban Yaƙi, Elenwen ce ta yi masa tambayoyi, suka sa ya ɗauka abin da ya faɗa ne ya jawo faɗuwar babban birnin Daula, alhali birnin ya riga ya faɗi. Sannan suka bar shi ya gudu.

Maryam Madina: Malam Sani, ka karanta ta har ƙasa kuwa? Takardar da kanta ta ce tun bayan rikicin Markarth ya daina ba su haɗin kai, kuma nasararsa ma ba sa so. Yaƙin suke so ya yi ta ci. Wanda aka yi amfani da shi bai sani ba ai ba ɗan amshi ba ne, sanda ce a hannun wani.

Baffa Misfala: Sanda kuma? Hajiya, kin zo ceto kin ƙara masa duka.

Habu Riyad: Ni dai "kare" zan ce.

Baffa Misfala: Kai Habu, manya na magana.

Usman Karantina: Duk ku bar batun suna. Hammerfell, wani yanki na Daula a lokacin, ta ƙi yarjejeniyar, Daula ta sallama ta, ta yi yaƙi ita kaɗai har aka yi sulhu a Stros M'Kai a 180, sojojin Dominion suka fice. In Hammerfell ta iya, me zai hana Skyrim?

Sani Jidda: Hammerfell ta yi yaƙi da abokin gaba da ya riga ya jigata, kuma kanta a haɗe. Yanzu shekara ta 201 ce, shekara 21 Thalmor suna hutawa, Skyrim kuwa rabinta na sarar rabi.

Maryam Madina: Wane 'yanci ma tukuna? Ku shiga Windhelm ku ga inda aka cusa baƙin ƙabilar Dunmer a unguwar Gray Quarter, ƙabilar Argonian kuwa can bakin ruwa, bayan ganuwa. Mu da muka san zaman baƙunta bai kamata mu yi wa wannan tafi ba.

Usman Karantina: Anti, kar ki jawo mu ciki, wasa muke. Kuma ki duba wa Daula take naɗawa in ta ci Riften: Maven Black-Briar, uwar ɗakin ɓarayi.

Maryam Madina: Shi kuma naku in ya ci Markarth ya ba Thongvor Silver-Blood, dangin da ke tatsar fursunonin Cidhna. Sannan ba antinka ba ce ni.

Habu Riyad: Don Allah a taimaka. An kawo kambin sarauta na Jagged Crown daga Korvanjund, amma Balgruuf ya ƙi sauraron saƙon yaƙi.

Baffa Misfala: Ba lalacewa wasan ya yi ba, ɗana. Ba zai yi maganar yaƙi ba sai an ɗauko allon dutse a Bleak Falls Barrow, an kashe dodon hasumiyar yamma. Ka gama waɗannan, ka koma fadarsa, Dragonsreach. In Ulfric kake bi, ranar farmakin Whiterun ka fasa shingayen katako, ka hau ka saukar da gadar, kar ka tsaya sara a fili, sojoji ƙaruwa suke yi.

Sani Jidda: In kuma ka kai zaman sulhu na High Hrothgar yaƙi bai ƙare ba, Ulfric zai nemi Markarth. Ka ce a ba Tullius, janar ɗin Daula, Riften, ba Dawnstar ba. Musayar birnin azurfa da ƙauyen ƙanƙara asara ce.

Usman Karantina: Kai da ke buga wasan da gyare-gyare a kwamfuta kake koya wa mutane dabara?

Sani Jidda: Me ya haɗa kwamfuta da taswira, ya akhi?

Baffa Misfala: Halas, an kusa kiran Isha a Harami. Ga abin da aka tsaya a kai: takardar Sani ita ta wanke Ulfric, kamar yadda Hajiya ta nuna. Hujjar Hammerfell ba wanda ya ture ta. Batun Dunmer ba shi aka zo yi ba. Sani ya janye kalmarsa.

Sani Jidda: Yaushe na janye? Kuma lissafin jihohin nan har yanzu ba wanda ya taɓa shi.