Shawarwarin Maharba Kan Raba Hutun Aiki Domin Farautar Elk

Ma'aikacin da hutunsa bai wuce kwana goma ba, kuma yana son farautar elk, wata irin babbar barewa, da kwari da baka a duwatsun Kolorado na Amurka, yawancin maharba sun ba shi shawarar ya ɗauki kwanakin a jere maimakon ya gutsuttsura su, domin tafiya da kafa sansani kaɗai kan cinye kwana biyu. A jihar ana buɗe farautar baka daga 2 zuwa 30 ga Satumba, amma sun fi yabon tsakiyar watan zuwa ƙarshensa, lokacin barbara, sa'ad da namijin wannan babbar barewa ke ruri da asuba har maharbi ya gane kwarin da dabbar take ciki. Wasu sun ce makon farko ya fi, saboda ƙarancin jama'a, sai dai zafinsa na saurin ɓata nama.

Abin da suka fi nanatawa, kuma ina ganin da gaskiyarsu, shi ne a ware kwana biyu na ƙarshe, domin fiɗa da goyo naman a baya daga kan dutse zuwa mota aiki ne na sawu da yawa.